Teburin da ya tsage: laifin maigida ne ko na yaron shago?

Tsohon Kafinta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani abu ne ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan inda kowa hannunsa ya yi kanta. Ina kwashe tarkace a bayan shago sai na ci karo da saman wani tebur da na yi shekara 26 da suka wuce, aikina na farko bayan na bar gaban maigidana. Faɗinsa santimita 90. Katako 4 na jera na haɗe da gam, na bi shi da samfefa har ya yi sumul, sannan na ɗaure shi a kan ƙafafunsa da ƙusa mai zare guda 14, kowacce na murɗa ta har ta yi kuka. Na ce a raina wannan sai dai jikoki su gada. Ko wata 5 bai yi ba mai shi ya dawo mini da shi a tsage, tun daga kai har kusan tsakiya, tsagar da ƙaramin yatsana ke shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sha hana ni irin wannan ɗauri. Duk sanda ya ga zan huda ramin ƙusa a ƙarƙashin tebur sai ya ce, ja ramin ya yi tsawo, kada ka yi shi daidai ƙusa. In ce don me, ya ce in na girma na sani. Shekara 7 ina gabansa bai taɓa ce mini katako yana shan danshin iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke ba. Kuma a faɗi yake wannan motsin, tsawonsa kusan ba ya gusawa. Daga baya na san lissafin: in danshin cikin katako ya sauka da kashi 4, faɗinsa kan ragu da wajen kashi 1 cikin 100. Ka ɗauka danshin katakona ya sauka daga kashi 18 zuwa 10. Ke nan santimita 90 tana neman ta ragu da kusan 2, ni kuwa na ɗaure ta tamau ta kowane gefe. Ina za ta? Sai ta yage kanta.

A lokacin na ɗauka tsawaita ramin nan tsohon yayi ne kawai, da na tsaya da ƙafata na watsar da shi. To ga tambayar: maigidan da ya ce maka yi kaza, bai ce maka saboda kaza ba, ya sauke nauyin da ke kansa?

Ɗan Koyo:
Wa alaikumus salam Baba. Wata 8 ke nan da na fara koyo, kuma wallahi yau na fara jin wannan. To ta yaya ake gane katako ya bushe? Mu dai ƙwanƙwasawa muke yi mu ji sautinsa.

Tsohon Kafinta:
Yarona, ƙwanƙwasawa takan raba maka ɗanye shar da wanda ya sha iska, ba ta wuce nan. Ruwan farko da itace ke zubarwa bayan an sare shi ba ya sa shi motsi. Sai danshin ya sauko ƙasa da wajen kashi 30 yake fara tsukewa. Don haka zai iya yi maka sauti mai daɗi, ya yi sauƙi a hannu, alhali ko fara tafiyarsa bai yi ba. Tsohon ƙiyasi shi ne kowane inci 1 na kauri a ba shi shekara 1 a inuwa, ko da yake inda iska ke da zafi da bushewa ya fi haka sauri. A jera shi da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, a shafa wa kawunan biyu fenti, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsaga ke somawa. Akwai 'yar na'ura mai tsinke 2 da ake soka wa katako ta nuna danshinsa. In ba ka da ita, yanki guntu ka riƙa ɗora shi a sikeli duk mako kana rubutawa. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya daidaita da iskar wurin. Ka lura, iskar wurin na ce. Ta shagonka daban, ta ɗakin mai saye daban.

Birkila:
Baba, da girmanka da komai, amma a nan ba na bayanka. Maigidanka ya sauke nauyinsa, kai ne ba ka ɗauka ba. Ya nuna maka da hannu shekara 7, me ya rage? Ni nawa maigidan mai surutu ne, har dalilin ya gaya mini. Ya ce siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya zama dutse, kuma ruwan da yake buƙata kaɗan ne. Wanda ka ƙara don kwaɓin ya yi maka laushin zubawa, in ya ƙafe sai ya bar ƙananan ramuka a ciki, ƙarfin ya tafi. Ya ce in an zuba a yi ta ba shi ruwa ta sama aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Na ji, na haddace, ina iya maimaita maka kamar karatu. Ranar da aka fara ba ni daɓe ni kaɗai, rana ta take, kwaɓi yana ƙin shebur, me na yi? Na ce a ƙara bokiti 2. Da aka zuba kuma na ba shi ruwa kwana 2 na tafi wani aikin. Wata 3 ana share daɓen nan yana tashi kamar ƙura. Dalilin da na haddace bai riƙe mini hannu ba. Kunyar da na sha a gaban mai aikin ita ta riƙe shi har yau. Jiki magayi, Baba.

Tsohon Kafinta:
Na ji ka, Malam Birkila. Amma kai da daɓen ya tashi, nan take ka san inda ka yi ɓarna. Ni kusan shekara 2 na yi ina zagin gam. Na canza gam sau 3, na ƙara yawan ƙusa, wato ina ƙara wa ciwon gishiri. Tebur 2 suka sake tsagewa kafin wani dattijo mai sayar da katako ya zaunar da ni.

Mai Walda:
Ku bari in shigo. Oga Birkila, maganarka tana tafiya a inda kuskure ke cin katako ko buhun siminti. Akwai inda yake cin ido. Makona na farko a shago aka ce kada in kalli wutar walda. Shi ke nan, ba a ƙara komai ba. Na kalla na ɗan lokaci, ban ji komai ba, na ce ashe tsoratarwa ce. Yini guda ina ɗiga ƙarfe ina kawar da kai kawai, ba gilashi. Cikin dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken fitila ba na iya kallo. Da an ce mini hasken nan yana ƙona fatar ido kamar yadda rana ke ƙona fata, kuma zafin ba ya zuwa sai bayan awa 6 zuwa 12, da ban yi wa kaina gwajin banza ba. Rashin jin zafi nan take shi ya yaudare ni. Yanzu yaro ba ya taɓa sandar walda a wurina sai da baƙin gilashi lamba 10 zuwa 12, gwargwadon ƙarfin wutar.

Wannan ma mai sauƙi ne, kwana 2 ya warke. Bututun da aka lulluɓe da zinki don kada ya yi tsatsa, in ka yi masa walda ba ka kankare rufin ba, farin hayaƙin nan zai kwantar da kai da zazzaɓi da rawar ɗari a daren. Sai kuma babban: tanki ko duro da aka taɓa zuba mai a ciki. Yaro zai leƙa ya ga babu ko ɗigo ya ce ai wofi ne. Tururin da ya rage a ciki, gauraye da iska, shi ke fashewa. Wane jiki ne zai saura ya gaya masa?

Birkila:
A kan duro na sallama, Oga. Amma wannan hani ne, ba koyarwa ba. Ko ba dalili sai ka daka masa tsawa ya bari.

Mai Walda:
Zai bari muddin kana wurin. Ranar da ka fita, wani ya kawo tanki yana gaggawa, tsawarka ba ta shagon.

Tsohon Kafinta:
Mu ma muna da irin wannan a ɓoye. Tsumman da aka shafa wa katako mai da shi, irin man nan mai bushewa da kansa, in aka dunƙule aka jefa a kwando yana iya ɗaukar zafi har ya kama da wuta ba wanda ya ƙyasta ashana. A shanya shi a buɗe ko a tsoma a ruwa. Wa zai yarda da wannan in ba a yi masa bayani ba?

Uwar Ɗinki:
Sannunku da muhawara, iyayen gida. Ni ina ganin kowannenku ya riƙe rabin yadi yana ja. Na yi shekara 15 ina koyar da ɗinki, kuma na gwada hanyoyin nan duka biyu. Da farko irin maigidan Baba nake: a jiƙa yadin auduga a shanya a goge kafin a sa almakashi, ba tambaya. Suna yi a gabana, in na juya baya su yanka abinsu. Sai na koma bayani, in ce auduga takan tsuke da kashi 3 zuwa 5 cikin 100 a wankin farko, rigar da tsawonta santimita 140 tana iya rasa har 7. Suna gyaɗa kai, su kuma yanka abinsu. Malam Birkila ya yi gaskiya a nan, kunne ba ya riƙe wa hannu komai.

Abin da ya yi mini aiki daga ƙarshe: ranar farko nakan ba yarinya ƙyalle 2 daga yadi ɗaya, kowanne santimita 20 ta kowane gefe, ita za ta auna ta yanka. Ɗaya ta wanke da ruwan zafi ta shanya, ɗaya ta ajiye. Washegari ta ɗora wannan a kan wancan. Ba na cewa uffan. Ta yi ɓarnar da idonta, amma a ƙyalle, ba a kayan mutane ba.

Haka na yi da zaren da ke cukurkuɗewa a ƙarƙashin ɗinki. Kowace sabuwar ɗaliba in ta ga haka sai ta kai hannu ƙoshiya, tunda a ƙasa ta ga matsalar, ta yi ta murɗa ɗan notin nan har ta lalata saitin. Alhali mafi yawan lokuta zaren sama ne bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, saboda ta zura zaren ƙafar keke tana sauke. Sai in sa ta zura da gangan ƙafa a sauke ta ɗinka, ta ɗaga ƙafa ta sake zurawa ta ɗinka. Minti 5 an gama.

Ɗan Koyo:
Anti, wannan dabarar ta burge ni. Baba, da katako ma za a iya?

Tsohon Kafinta:
Sosai. Yanki siririn guntu ta faɗin katako, ka zana tsawonsa a jikin bango da fensir, ka ajiye. Ka dawo ka gwada shi a tsakiyar damina, ka kuma gwadawa a tsakiyar rani. Illa dai Hajiya tata kwana 1 ce, tamu sai an yi wata 6.

Bakanike:
Ina ta karatu ina dariya, domin duk kun ɗauka abin da maigida ya ce gaskiya ne, saura kawai a ba da dalili ko a hana. To in maigidan ne bai daidai ba fa? Ni an koya mini ɗaure notin taya da bututu. A zura bututu mai tsawon mita 1 a sufana, yaro ya hau ya yi tsalle, sai noti ya yi ƙara a ce ya ɗauru. Shekara 9 ina haka ina alfahari tayar da na ɗaura ba ta kwancewa. Ranar da na fara riƙe sufana mai awo na duba littafin mota, sai na ga yawancin ƙananan motoci abin da suke so bai wuce 100 zuwa 120 ba a ma'aunin ƙarfin ɗauri da ake kira niyuton-mita. Yaro mai kilo 60 in ya tsaya kawai a ƙarshen bututun mita 1, ko tsalle bai yi ba, ya ba shi kusan 600. Ninki 5 ke nan. Ƙarfen da notin ke hawa yana miƙewa kamar roba, in ka wuce iyakarsa ba ya komawa, sai wata rana a kan hanya ya ɓalle. Sau nawa na karya irinsu na ce ƙarfen zamani ne ba shi da kyau? Allah kaɗai ya sani.

Abin da nake nufi, inda ba a faɗin dalili, doka mai kyau da marar kyau tare ake gadonsu, ba ka da abin tankaɗe su. Ga misalin mai kyau: a fara cire wayar da ba ta wuta ba in za a kwance batir. Wannan gaskiya ce, domin jikin motar gaba ɗaya a haɗe yake da wannan kan, in ka fara da kan wuta sufana ta taɓa ƙarfen mota sai tartsatsi, har ta iya narkewa a hannunka. Amma da murya ɗaya aka ba ni ita da ta hawan bututu. Ta ina yaro zai rarrabe?

Birkila:
To ai ga irinta nan. Yanzu an koma sai na'ura ta yi ƙara kafin mutum ya san noti ya ɗauru. Ina hannun yake? Ni in na ɗebi kwaɓi a cokali na karkata shi, yadda ya zame kawai ya ishe ni sanin ko ya yi. Wannan ba ya cikin littafi, kuma ba a faɗarsa da baki.

Bakanike:
Yaya Birkila, hannun nan nawa da kake yabo shi ya yi shekara 9 yana yi mini ƙarya. Ban ce a yar da hannu ba. Fulogi har gobe da yatsu nake fara ɗaura shi, zagaye 3 ko 4, domin yatsa ne ke jin in zaren ya hau a karkace, sufana ba ta ji, sai dai ta cinye zaren kan injin, wanda sau da yawa na alminiyam ne mai laushi. Amma yanzu hannuna ya san 110 saboda awo ya gyara masa zama. Kai ma cokalin naka daɓen da ya tashi ne ya saita shi.

Yaron Zamani:
Ku daina kewaye-kewaye. Iyayen gida ɓoye sani suke yi da gangan don kada yaro ya iya da wuri ya buɗe nasa ya ƙwace musu masu kawo aiki. Shekara 7 a kan abin da bidiyon minti 10 zai koya maka a intanet.

Birkila:
Kai yaro, kama bakinka. Mutumin da ya ɗauke ka ba ka san kan guduma da ƙotarta ba, ya jure ɓarnar da ka yi masa ta kaya, shi ne yau maɓoyin sani? Je ka bidiyon ya riƙe maka hannu ka ja layin bulo ya miƙe mu gani.

Shugaban Zaure:
A yi haƙuri a sassauta. Yaron Zamani, gyara lafazi, akwai sa'o'in mahaifinka a nan. Malam Birkila, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa. A ci gaba.

Mai Tukwane:
Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta sa nake ginin tukwane a ƙarshen mako, don haka ku yi mini afuwa in na yi shisshigi. Ina so in ɗan taɓa maganar Malam Bakanike ta wani gefen: shi dalilin ma yana iya zama gurgu. Wadda ta koya mini ta ce tukunya tana fashewa a wuta ne saboda iskar da ta maƙale a cikin yumɓu, don haka a yi ta murza shi. Na yi ta murza har kafaɗata ta yi ciwo, tukwane na ci gaba da fashewa. Ashe ruwa ne. In gindin tukunya mai kauri bai bushe har ciki ba, da zafi ya kai digiri 100 ruwan zai zama tururi, ya nemi wuri fiye da ninki 1,600 na wanda yake ciki, ya tarwatsa ta. Murzawa tana da amfaninta, tana daidaita yumɓun, amma ba ita ce maganin fashewa ba. Yanzu nakan kanga tukunya a kumatuna, in na ji sanyi na san da sauran ruwa, in ƙara mata kwanaki. Wutar farko kuma a hankali. Da ban samu dalilin ba kwata-kwata, wataƙila da na fi saurin gano gaskiya, domin wanda aka ba ni ya sa na daina dubawa.

Uwar Ɗinki:
Ƙanwata, kin faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Na tuna wata magana da na gaya wa ɗalibai shekaru, wai allura in tana tsallake ɗinki keken ne ke son mai. Sau da yawa allurar ce ta dakushe ko ba ta dace da yadin ba. Lamba 70 ta yadi marar nauyi ce, 90 ta matsakaici, 100 ko 110 ta mai kauri, yadi mai miƙewa kuma yana son mai dunƙulallen baki. Kekuna nawa aka yi wa wanka da mai a kan maganata!

Mai Walda:
Baba, na koma na sake karanta labarin teburinka, sai na ga ai ƙofar ƙarfena ta farko ce. Na jera ta a ƙasa daidai, na auna kusurwa da kusurwa, sannan na kama gefe ɗaya na yi masa walda tun daga sama har ƙasa ban tsaya ba. Da ta huce sai ga ta kamar an murɗe wuyanta. Ƙarfe in ya narke ya huce tsukewa yake yi, ya jawo na kusa da shi. Da ɗiga-ɗiga ake fara kama duk kusurwoyin, a sake aunawa, sannan a riƙa yin kaɗan nan a tsallaka kishiyar gefen. Mu namu a minti 10 yake nuna hali, naku sai ya bari an biya kuɗi an kai gida.

Tsohon Kafinta:
Oga, ka ba ni dariya. Amma bari in amsa wa Yaron Zamani, domin maganarsa ta hana ni barci jiya, ba don ta yi mini daɗi ba. Akwai masu ɓoye sani, na gansu. Maigidana ba ya cikinsu. Mutumin da ya ba ni cizal ɗinsa 3 ranar da zan tafi ba zai yi mini rowar jimla ɗaya ba. Da na yi ta juya abin sai na fara zargin shi ma ba a taɓa gaya masa ba. Ya san tebur mai dogon rami ba ya tsagewa, mai matsattsen rami yana tsagewa, iyakar abin da aka miƙa masa ke nan, shi ya miƙo mini. Cewa in ka girma ka sani, wataƙila ita ce amsar da shi ma aka ba shi.

Abin da ya fi wannan nauyi, yau da safe na tsaya ina kallon babban yarona yana wasa cizal. Shekara 4 yana wurina. Nakan ce masa kwantar da hannunka, ɗaga kaɗan, a'a ka ɗaga da yawa. Na tambaye shi, me kake nema a jikin dutsen nan? Ya ce, sai ya yi ƙyalli. Innalillahi. Shekara 4 yana goge ƙarfe yana neman ƙyalli. Ban taɓa ce masa bakin yana son kwanciyar wajen digiri 25 zuwa 30 ba. Ban taɓa kama yatsansa na shafa a bayan bakin don ya ji ɗan gashin ƙarfen nan da ke tasowa ba, wanda shi ne shaidar gefen biyu sun haɗu, kafin nan duk wahalar banza ce. Ni ina jin abin a yatsana kullum, har na manta cewa abu ne da ake faɗa. Na shigo zauren nan da ƙarar mamaci, ga shi na tarar da kaina a gaban alƙali.

Birkila:
To ka gani, Baba. Da ka ce ya sauke nauyi ko bai sauke ba, ni abin da nake karewa ke nan. Wanda ya iya sosai ba ya ganin abin da ya iya.

Bakanike:
Wannan uzuri ne ga maigida, Yaya, na yarda. Amma yaron Baba dai ya yi asarar shekara 4 a kan dutse.

Birkila:
Bai yi asara ba. Hannunsa ya saba da riƙo. Yau da aka gaya masa, a yini ɗaya zai kama. Gaya wa wanda ya zo jiya digiri 25 ka ga ko zai iya tsayar da hannunsa a kai.

Uwar Ɗinki:
Ku biyun nan ko za a kwana ba za ku haɗu ba. Baba, ni tambayata, me za ka yi da saman teburin? Kada dai ka ce wuta.

Tsohon Kafinta:
A'a Hajiya. Katakon da ya shekara 26 a inuwa ai yanzu ya gama bushewa, ya fi duk wanda ke shagon. Zan sa zarto in bi tsagar in raba shi 2, in daidaita gefunan har in na haɗa su na ɗaga a rana haske ba ya ratsawa, in sa gam in matse, in bar shi ya kwana kafin a taɓa. Zai rasa kamar santimita 1 da rabi a faɗi, ba wanda zai lura. Yaron zan ba ya yi, ina zaune.

Ɗan Koyo:
Baba, ramin fa? Tsawon nawa ake ja, kuma ta wane gefe?

Tsohon Kafinta:
A katakon ƙarƙashi ake jan ramin, tsawonsa ya bi faɗin katakon saman, inda yake motsi. Ƙusar tsakiya a kowane kai ka yi mata rami daidai ita, ka ɗaure sosai, ita ke riƙe tebur kada ya gusa. Daga nan duk wadda ta fi nisa da tsakiya raminta ya fi tsawo. A faɗin 90, na can gefe ka ba su kamar santimita 1 da rabi, ka sa washa, ɗan faifan ƙarfen nan mai rami, a ƙarƙashin kan ƙusar don ta samu abin zamewa, ka ɗaure ta kama amma kada ka sa ta kuka. In da rani kake aikin, katakon a tsuke yake, sai ka bar wa ƙusar filin ta wajen waje, domin faɗaɗa zai yi. In da damina ne ka juya.

Birkila:
In yaron ya gama a ɗauko mana hoton ƙarƙashin, ba saman ba.